An Ce Yaron Ba Shi da Tarbiyya

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kumasi ce ta ƙasar Gana, haihuwar unguwar Asawase. Aure ya kai ni Hambog ta ƙasar Jamus shekara 13 da suka wuce, a can na haifi yaron nan, shi ne na fari, yanzu shekararsa 11. Wata biyar ke nan da babansa ya ce mu dawo gida, ni da shi da ƙanwarsa, don ya yi karatun Alƙur'ani ya kuma san danginsa. Muna zaune a gidan su maigidan a unguwar Aboabo, tare da Hajiya mahaifiyarsa da ƙannensa biyu da matansu.

Tun satin farko ake ƙorafi. Ba ya durƙusawa in zai gaida Hajiya, a tsaye yake miƙa mata hannu. In ana yi masa faɗa sai ya tsura wa mutum ido. Ya taɓa kiran matar baffansa da sunanta. Ga shi bahago, da hagu yake miƙa komai. Asabar ɗin da ta wuce aka yi makokin wata tsohuwa 'yar Ashanti, maƙwabciyar Hajiya ta shekara da shekaru, baffansa ya tafi da shi. Da suka shiga layin gaisuwa sai yaron ya faro daga ɓangaren hagu, yana ta cin karo da masu tahowa. Aka ba shi kuɗin gudummawa ya kai tebur, ya miƙa da hagu. Wani dattijo ya ƙi karɓa, ya tambaya da Tonanci, harshen Ashanti, wai ɗan gidan wane ne wannan. Da suka dawo Hajiya tana faɗa, sai yaron ya dube ta ya ce, "To me ya sa?" Baffan ya kwaɗa masa mari a tsakar gida, a gaban kowa.

Tun ranar ba ya fita daga ɗaki sai zuwa makaranta. Ya daina Hausa, Jamusanci kawai yake yi da ƙanwarsa. Hajiya ta ce na yi renon ɗan Turawa. Na kira babansa, ya ce ai don a gyara shi ya turo shi, in bar su. Ni na san yaron nan ba fitsararre ba ne, a can malamansa yabonsa suke yi. Amma ni ma wani lokaci kunya ke kama ni, har in ce ko ni ce na gaza. In mayar da shi? In kama ɗaki a wani wuri? Ko in sa ido?

Uwar yara biyu, Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana su.

Kafin in taɓa maganar mari ko ta hagu, bari in nuna miki wani abu da na gani a wasiƙarki. Ni ke goge sunaye kafin a fitar da wasiƙa a wannan fili. Sunan ƙanwarsa kin rubuta shi sau biyu, na cire. Nasa kuwa ban sami abin cirewa ba, daga farko har ƙarshe "yaron nan" ne. Shekara 13 a Hambog ba su sa bakinki ya iya kiran sunan ɗan fari ba. To wa ya zaunar da ke ya koya miki haka? Na tabbata babu. Kin tashi kin ji innarku tana kauce wa sunan babban yayanku, kin ga goggo ta raɗa wa nata laƙabi, wata rana wata amarya ta kira nata gatsau, mata suka haɗa ido suka yi murmushi, ke kuma kina gefe da tallan ƙosai ko kina tsinke alayyafo. Shi ke nan abin ya shige ki, har yau bai fita ba, kuma in aka ce ki kawo hujjarsa sai kin yi tunani.

Duk ladabin da muke taƙama da shi ta wannan ƙofar ya shigo mana. Kaɗan ne aka faɗa mana da baki. Mafi yawa gani muka yi sau dubu, muka kwaikwaya, muka kuskure aka harare mu, muka dace aka ce Allah ya yi albarka. Yaronki ma ya bi wannan makarantar tun yana rarrafe, sai dai a wani gari. A inda ya tashi, yaron da malama ke yi wa magana ya sunkuyar da kai, zarginsa za a yi yana ɓoye wani abu. A tsaye ake gaisawa, a miƙa hannu, a dubi mutum cikin ido. Wanda ya ce "me ya sa" a aji shi ne mai ƙwazo. Don haka ranar da ya tsaya ƙiƙam ya miƙa wa Hajiya hannu, mafi kyawun ladabin da ke aljihunsa ya zaro ya ba ta. Kamar ki je wajen mai koko a bakin titin Aboabo ki miƙa mata Yuro ne. Ba za ta karɓa ba, amma ba don jabu ba ne. Ki riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zan ce a gaba a kansa ya tsaya: ba yaron da ba shi da tarbiyya ne a ɗakinki ba, yaro ne da zai koyi ta biyu a kan ta farko, kamar yadda ya koyi Hausa a kan Jamusanci.

Amma kada ki ji haka ki ce to ashe Hajiya ce ba ta da gaskiya. Mai koko tana da gaskiya in ta ce sidi, kuɗin Gana, take so. Durƙuso da sunkuyar da kai da miƙa abu da dama, da su ne mutanen nan ke karanta mutum kafin ya buɗe baki. Babu wanda zai shiga zuciyar yaronki ya ga kirkin da ke ciki, abin da jikinsa ya yi a minti ɗaya shi za a tafi da shi gida. Kuma mu a Zango, unguwannin Hausawa da sauran baƙi, rayuwarmu a hannun juna take. Wanda zai kai shi koyon aiki Suwame Magazin, unguwar makanikai, wanda zai tsaya masa ranar neman aure, waɗanda za su fito ranar suna ko ranar da aka yi rashi, duk sai sun fara tambayar ɗan gidan wane ne, yaya halinsa. Hajiya tana hango masa wannan ranar. Faɗanta da zafi, amma tsoro ne a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma wani tsoro da ya fi wannan tsufa, wanda ku da kuka daɗe a waje kan manta. Ba a gidan biki na Hausawa yaron ya yi kuskuren nan ba, a gaban Tonawa ya yi, wato Ashanti, masu gari. Kakanninmu baƙi suka zo ƙasar nan, fataken goro ne da malamai. Tun farkon ƙarni na 19 akwai Musulmi masu rubutu a fadar Kumasi, da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar can kuma fatake suka bazu, wasu Karaki, wasu Kintampo, da yawa daga baya suka tare a nan. Babu wanda ya zo da Tonanci a bakinsa. Da girmansu da gemunsu suka zauna suka koyi yadda ake shiga gidan Ashanti, yadda ake zama a makokinsu, yadda ba a yi wa sarki magana kai tsaye sai ta bakin Okyeame, kakakin sarki, kamar dai yadda fadawa ke amsa wa sarki gaisuwa a ƙasar Hausa. Har gobe shugabannin Zango kan je fadar Manhyia su gaida sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda ke kan kujera tun 1999. Su ma masu gari sun ɗauki namu, ga waakye nan da sunan wake a jikinsa, ga koko, ga tuwon zafi. Da irin wannan lallaɓawar aka sayi zaman da muke yi. In Hajiya ta kai saba'in, to da wayonta a 1969 lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana, ta ga maƙwabta suna sayar da gado da tukwane a wulaƙance suna hawa manyan motoci. Mutumin da ya ga wannan ba ya wasa da mutuncinsa a idon masu gari. Da dattijon nan ya ce ɗan gidan wane ne, ita abin da ta ji shi ne an taɓa zaman lafiyar da ta yi shekaru tana ginawa da gidan marigayiyar. Ga kuma kalmar "ɗan Zango" da kin san yadda wasu ke furta ta. Ba ta son jikanta ya zama hujjarsu.

To amma mu koma rumfar makokin nan mu duba da kyau, don a can ne aka zalunci yaron. Kin san yadda wurin yake: rumfuna a jere, dangin mamaciya cikin baƙi da ja, lasifika tana shelar wanda ya ba da gudummawa da nawa ya ba da, ana rubutawa a tebur. Mai zuwa gaisuwa yakan faro daga damansa ya bi layi zuwa hagu, ba ya tsallake kowa don ya kai ga babba. Hikimar da su kansu ke faɗa ita ce, in ka bi haka tafin hannunka ne ke fuskantar kowane mutum, in ka juya kuwa bayan hannu kake nuna masa. Abu ne mai kyau, kuma bayaninsa ba ya cin minti biyu. Tsakanin ƙofar gidanku da rumfar nan akwai tafiyar da ta isa a faɗa masa. Baffansa, wanda ya halarci irin wannan taro ba adadi, ya ɗauki yaro ɗan wata biyar a gari, bahago, ya damƙa masa kuɗi ya tura shi tebur bai ce masa uffan ba. Baƙo ko da ido makaho ne, shi kuma ɗan jagora in makaho ya faɗa rami ba makahon ake mari ba. Ina jin baffan ya san haka a ransa. Kunyar da ya kwasa a gaban Tonawa ce ta nemi mafita, ta sauka a kumatun da ya fi kusa.

Marin nan ban yarda da shi ba, kuma ba don na zama Baturiya ba. Tambayar ita ce me ya koya wa yaron. Bai koya masa daga ina ake fara gaisuwa ba. Ya koya masa cewa tambaya haɗari ce, tsakar gida wurin tozarci ne, Hausa kuma harshen waɗanda suka tsaya suna kallo ne. Shi ya sa ya ajiye ta. A ƙasar da aka haife shi doka ta hana dukan yara tun shekarar 2000, a makaranta ake gaya musu babu babban da ke da ikon taɓa su, don haka abin da ɗan Aboabo zai share hawaye ya fita ƙwallo, shi a wurinsa ƙasa ce ta tsage. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya yi gwaji a jami'ar Stanford ta Amurka a 1961: yaran da suka kalli babba yana jibgar 'yar tsana, da aka bar su da ita sai suka jibge ta yadda suka gani. Ba sai mun je Amurka ba ma, ki lura da hannunsa a kan ƙanwarsa a 'yan makonnin nan. Mu kuma muna da misalin da ya fi kusa da mu. Umar ɗan Abu Salama, agolan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yaro hannunsa na yawo a akushi. Abin da aka ce masa shi ne, "Ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci daga abin da ke gabanka." Ya ce tun ranar haka cin abincinsa ya zauna. Masu tarihi da dama sun ce shi ma a Habasha aka haife shi, wato ɗan ƙasar waje ne. In za ki tuna wa baffan wani abu, wannan ya isa.

Ke ma akwai naki, ƙanwata, amma ba wanda kike zargin kanki da shi ba. Ba ki gaza ba don yaro ya ɗauki halin garin da ya tashi, kowane yaro haka yake yi, in bai yi ba ma shi ne abin damuwa. Inda aka yi sakaci shi ne an haɗa akwati, an sayi tsaraba, ba a shirya yaron ba. Ke ce kaɗai a gidan nan da ta san ƙasashen biyu. Kin san abin da kallon ido ke nufi a Hambog da abin da yake nufi a ɗakin Hajiya. Wata biyar kina tsaye a tsakiya kina jin kunyar ɓangare biyu, alhali aikinki tafinta ne. Ba a makara ba.

Ki fara da shi, yau da dare, ku biyu, da harshen da ya fi sakin jiki da shi ko da Jamusancin ne. Ki gaya masa ƙarara cewa marin da aka yi masa ba daidai ba ne, kuma kin yi kuskure da ba ki shirya shi ba. Kada ki ji tsoron hakan zai sa ya raina baffansa, shirunki ne zai sa ya raina ku gaba ɗaya. Sannan ki amsa masa tambayar da ta jawo masa mari. Me ya sa dama? Ki gaya masa hagu hannun tsarki ne tun zamanin da babu famfo babu sabulu a ko'ina, ana kuma cin tuwo a kwano ɗaya, sai mutane suka ware hannu ɗaya don abinci da gaisuwa, addini kuma ya ƙarfafa haka. Me ya sa durƙuso? Don ka rage tsawonka a gaban wadda ta haifi babanka. Ki ba shi labarin ranar da ke kika fara zuwa Jamus, kika ƙetare titi fitila tana ja wata tsohuwa ta balbale ki, ko kika zuba shara a kwandon da ba nata ba. Na san kina da irinsu. Yaro in ya ji uwarsa ma ta taɓa zama baƙuwa, sai abin ya tashi daga "ni mugu ne" ya koma "ban sani ba tukuna". Ku kuma yi alkawari: yana da ikon tambayar me ya sa a kan komai, amma a ɗaki, wajenki, ba a lokacin da babba ke faɗa ba. Ita ma wannan ƙa'ida ce da zai koya, sanin lokacin tambaya.

Kada ki jibga masa komai a lokaci guda. Abubuwan da ake ƙorafi a kansu ba nauyinsu ɗaya ba. Gaisuwar safe, da miƙawa da karɓa da ci da dama, da kiran manya Baba, Inna, Anti, waɗannan su ake gani kullum, da su za ki fara, sauran su jira. Maganar kallon ido ki bi ta a hankali, ki ce masa in babba na faɗa ya dubi tabarma, in ana hira kuwa babu laifi. Hagun nan kuma ki tsaya masa a kanta. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne a duniya, halitta ce, ba taurin kai ba. Ya yi rubutunsa da ƙwallonsa da hagu, kada malamin allo ko wani ya matsa masa. Wurare huɗu kawai ake nema: ci, gaisawa, bayarwa, karɓa. Ki koya masa abin da kowa ke yi a kasuwar Kejetia in dama ta cika da kaya, ya tallafi hannun hagun da na dama ya ce a yi haƙuri da hagu. Ki ɗaura masa agogo ko wani zare a hannun dama na 'yan makonni, ya zama tunatarwa tsakaninku. In ya dace ki yaba a take, in ya kuskure a gaban mutane ki yi tari kawai, gyara sai kun shiga ɗaki.

Hajiya kuwa, kada ki je mata da bayanin Jamus, ba za ta saurara ba, za ta ji kamar kina kare shi ne. Ki je mata da kai ƙasa bayan sallar isha, ki ce, "Hajiya, mun kawo miki shi ɗanye, ni abin ya fi ƙarfina, ke kika reni babansa, ki taimake ni ki rena min wannan." Tsohuwar da aka mayar malama ba ta zama alƙali. Kuma akwai wata ƙofa a al'adarmu da yaron bai san da ita ba, ita ma Hajiya fushi ya sa ta manta: wasan jika da kaka. Jika namiji mijin kaka ne, ta ce masa maigida ina kuɗin cefane, ya ce mata ta tsufa zai yi mata kishiya. Wannan ne wuri ɗaya tak da aka yarda yaro ya dubi babba ya mayar da magana, wato abin da ɗanki ya fi iyawa. Ki koya masa jimla biyu ko uku na wannan wasa ki tura shi. Ranar da Hajiya ta yi masa dariya, rabin aikinki ya ƙare. Daga nan sai ki nema masa wani aiki da zai riƙa yi mata shi kaɗai, ya kai mata buta, ya karanta mata saƙon waya, ya raka ta gidan suna yana riƙe da jakarta. A nan zai ga yadda take gaisawa, wa take russuna wa, wa ke russuna mata. Wannan ganin ya fi wa'azin wata guda.

Shi baffan, ba ke za ki tunkare shi ba. Maigidanki ne yayansa, shi zai yi magana, ko wani dattijo a dangi da yake jin nauyinsa. Ba a neman ya durƙusa wa yaro. Ya kira shi ya saya masa tsire, ya ce zo in nuna maka yadda ake yi, ya wadatar, da sharaɗin hannu ba zai ƙara sauka a kansa ba. Kuma ina so su koma gidan makokin tare, su biyu da Hajiya in za ta iya. Tonawa suna girmama wanda ya dawo ya gyara. Za a ba su kujera, a kawo ruwa, a tambaye su abin da ke tafe da su ko da an sani, haka tsarinsu yake. Baffan ya ce yaron baƙo ne, a Jamus aka haife shi, mun kawo shi ya yi gaisuwa yadda ta dace. Yaron ya bi layi daga dama, ya ce "mepa wo kyɛw", wato don Allah, in zai yi magana, ya ce "medaase", wato na gode, in za su tashi. Ku gwada a tsakar gida da kujeru tukuna, ƙanwarsa da matan gida su zama dangin mamaciya, a yi dariya. Ina kyautata zaton dattijon da ya ƙi karɓar kuɗin shi zai fara shafa masa kai, abin da Hajiya ta rasa ran Asabar kuma ya dawo mata da riba.

Wani abu da iyaye ba sa son ji: a shekarunsa, abokai sun fi ku iya koyarwa. Abin da za ki yi wata kina nanatawa, sa'ansa zai koya masa da zungurin gwiwar hannu ɗaya a layin makarantar allo. Ki duba cikin 'ya'yan dangi ko maƙwabta ki zaɓo ɗaya mai natsuwa, wanda ya ɗan girme shi, ku haɗa su zuwa masallaci da filin ƙwallo. Ki zaɓa da kanki, don kin san irin zaman majalisar da ke bakin wasu lungunanmu, su ma koyarwa suke yi.

Maigidanki ki gaya masa yaro ba mota ba ne da za a turo gareji a dawo a ɗauka. In yana son ɗansa ya so Kumasi, ya riƙa kiransa shi kaɗai sau biyu a mako, ya ba shi labarin ƙuruciyarsa a wannan gidan, har da dukan da ya sha da abin da ya ji a ransa. Akwai kuma maganar da ba ta jira. Kin ce wata biyar ke nan. In ba fasfon Jamus gare ku ba, takardar zama ce, to a ƙa'idarsu takan faɗi in mutum ya wuce wata shida a waje ba tare da an ƙara masa wa'adi ba, ko da yake akwai waɗanda aka keɓe. Ya je ofishin baƙi a satin nan ya bincika naku ku uku. Ko ba za ku koma ba, kada ƙofar ta rufe da kanta kuna barci.

A kan tambayoyinki uku, ba na son ki mayar da shi yanzu da marin nan a matsayin abin da zai tuna da Gana har ya girma. Irin waɗannan ne in uba ya rasu ba sa zuwa. Sa ido kuma shi ne mafi muni. Ki ba abin da na faɗa wata biyu zuwa uku. In baffan ya ƙara kai hannu, ko gidan ya mayar da yaron abin ba'a, to ki kama ɗaki nan kusa, Sawaba ko Asawase wajen danginki, inda zai riƙa zuwa gaida Hajiya kullum ya dawo inda zai sake. Ki gabatar da shi a matsayin ƙarancin wuri, ba yaji ba. In kuwa kika ga ya daina cin abinci, ko fitsarin kwance ya dawo, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa gara ya mutu, wannan ya wuce maganar ladabi. Ki kai shi wajen likitan yara ko mai ba da shawara a makarantarsu ba tare da jiran izinin kowa ba, kuma a lokacin komawa wajen babansa ba faɗuwa ba ce, ana iya zuwa hutu duk shekara karatun ya ci gaba.

Gobe da asuba ki aike shi ya sayo wa Hajiya koko da ƙosai. Ku gwada sau ɗaya a ɗaki: sallama, durƙuso, "ina kwana Hajiya", kwano a hannun dama. Ki tsaya daga bakin ƙofarki kada ki bi shi. In ya manta ya miƙa da hagu, ki bar shi, jibi ma akwai koko. Ki rubuto min in kun dawo daga gidan makokin, ina so in ji abin da dattijon ya ce.